Kuɗin Mota Zuwa Asibitin Zubar da Ciki: Idan Gwamnati Za Ta Biya, Ta Wace Hanya?

A shekarar 2012 wata yarinya 'yar shekara 15 ta taso daga Ayalan ta Arewa tare da mahaifiyarta, suka ƙetara teku zuwa Manchester a Ingila, aka zubar mata da ciki a asibitin kuɗi. Tafiyar da aikin sun lashe musu kusan fam 900. Ƙasa ɗaya ce, fasfo iri ɗaya, haraji kuma baitulmali ɗaya yake shiga, amma da yarinyar 'yar Manchester ce da ko sisi ba za ta biya ba. Dalili shi ne dokar 1967 da ta halatta zubar da ciki a Ingila da Wales da Scotland ba ta ƙetara ruwa ba. A Ayalan ta Arewa tsohuwar dokar 1861 ce ke aiki a lokacin, wadda hukuncinta kan kai ɗaurin rai da rai. Uwar da 'yar suka kai ƙara, shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙolin Birtaniya, inda a ranar 14 ga Yunin 2017 alƙalai 3 suka ce gwamnati ba ta yi laifi ba da ta ƙi biya, 2 suka ce ta yi. Bayan mako biyu kacal, gwamnatin da ta yi nasara a kotu ta fito da bakinta ta ce za ta biya.

Kafin in shiga bayanin yadda aka yi haka, bari in share wuri. Ba na nan don in warware halacci ko haramcin zubar da ciki. Mafi yawanmu mun taso a kan mazhabar Malikiyya, wadda ta fi sauran tsanantawa a wannan babi, kuma dokar Arewacin Najeriya ba ta yarda da shi ba sai don ceton ran uwa. Tambayar da ke gabana ba ta kai wannan faɗi ba. A ƙasashen da doka ta yarda a wani gari ta hana a wani, ko ta yarda amma asibitin yana nesa, wasu gwamnatoci sun ɗauki nauyin kuɗin mota da masauki. Sun bi hanyoyi daban-daban, wasu sun ɗore, wasu sun rushe cikin shekara biyu. Mai jefa ƙuri'a a Landan ko Houston, da ɗan majalisar da za a miƙa wa irin wannan ƙudiri, da ma wanda ke adawa da abin baki ɗaya, duk suna bukatar sanin bambancinsu, don ba a yabon kaya ko kushe shi yana cikin buhu.

Hanyar Birtaniya: lamba ɗaya, gwamnati ta biya tun kafin a tashi

Abin da ya juya gwamnatin firaminista Theresa May ba tausayi ba ne, lissafi ne. A zaɓen 8 ga Yunin 2017 ta rasa rinjaye a majalisa, ta jingina da jam'iyyar DUP ta Ayalan ta Arewa, wadda ke gaba-gaba wajen adawa da zubar da ciki. Sai Stella Creasy, 'yar majalisa ta jam'iyyar Leba, ta kawo gyaran da ke neman a biya wa matan yankin kuɗin aikin a Ingila. Da gwamnati ta ƙirga kawuna ta ga wasu 'ya'yanta za su bi Creasy, sai ta miƙa wuya a ranar 29 ga Yuni tun kafin a kaɗa ƙuri'a. A watan Oktoba minista Justine Greening ta ƙara da cewa wadda kuɗin shigarta bai kai fam 15,300 a shekara ba, za a ɗauke mata har kuɗin tafiya. A Maris 2018 aka buɗe layin waya guda ɗaya, aka danƙa shi a hannun BPAS, ƙungiyar da ke gudanar da asibitocin zubar da ciki. Mace ta kira, a sa mata rana a asibiti, idan ta cancanta a saya mata tikiti a kama mata ɗaki.

Wannan shi ne ƙarfin tsarin, kuma duk wanda ya taɓa aikin gwamnati zai gane shi nan take. Na taɓa yin tafiyar aiki da kuɗin aljihuna bisa alkawarin za a mayar mini. Na dawo na liƙa rasitai a takarda, fayil ya shiga ofishin akanta, aka ce sai mai sa hannu ya dawo daga taro, aka ce an ɓatar da rasit ɗin masauki, aka ce sai an saki kuɗin wata mai zuwa. Sai da wata biyar suka shuɗe. Ni na jure ne don ina da albashi. Macen da ba ta da fam 200 a asusunta ranar Talata, ba abin da alkawarin biya a watan gobe zai tsinana mata. Ciki kuma ba ya jiran fayil. A Ingila, kafin mako 10 galibi ƙwayoyi ake ba mace ta sha, bayan nan sai an yi aikin a cikin asibiti, kuma duk makon da ya ƙaru asibitocin da za su karɓe ta suna raguwa, kuɗin yana hawa. Biya tun farko ne ke raba taimakon gaske da taimakon takarda.

Alƙaluma sun nuna kuɗi ne ya riƙe mata da yawa. A 2016 mata 724 ne suka ba da adireshin Ayalan ta Arewa a asibitocin Ingila da Wales. A 2018 sun kai 1,053. Masu goyon baya suna karanta wannan a matsayin shaidar cewa talauci ne ya tsare su a da. Masu adawa suna karanta shi a matsayin shaidar cewa kuɗin gwamnati na ƙara yawan cikin da ake zubarwa. Duka biyun lamba ɗaya suke kallo, kuma ban ga yadda wani zai ce ɗayan ya yi ƙarya ba.

Inda tsarin ya yi tuntuɓe shi ne ma'aunin nan na fam 15,300. Ɗauki matar da mijinta ke da albashi mai kyau amma shi ke riƙe da katin banki, ko ɗalibar da ke zaune gaban iyayenta. A takarda ba matalauta ba ne, a aljihu kuwa ba su da ko kwabo. Daga Oktoban 2019, lokacin da aka cire zubar da ciki daga jerin laifuka a yankin, gwamnati ta ajiye ma'aunin ta ce kowa za a biya wa tafiya da masauki. Sai kuma cutar korona ta zo ta tona wani asirin. A Afrilun 2020 jiragen sama sun tsaya, hanyar da ta rage wa wasu ita ce jirgin ruwa daga Belfast zuwa Liverpool, awa 8 zuwa, awa 8 dawowa, mace na zubar da jini a kan kujera. Tikitin kyauta ne, amma ba ya rage tsawon teku, ba ya samar da mai riƙe yara a gida, ba ya kuma ƙirƙiro ƙaryar da za a faɗa wa shugaban wurin aiki.

Hanyar sojan Amurka: ma'aikaci ya nema ta hannun shugabansa

A ranar 24 ga Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, kowace jiha ta koma yin dokarta. Fiye da jihohi 12 suka hana kusan gaba ɗaya, ciki har da Texas, inda wasu daga cikin manyan barikokin ƙasar suke. Soja ba ya zaɓar inda za a tura shi. Cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na matan sojan da ke aiki a cikin ƙasar sun wayi gari a jihohin da suka hana ko suka tsananta. Don haka a Oktoban 2022 sakataren tsaro Lloyd Austin ya ba da umarni, a Fabrairun 2023 aka fitar da ƙa'idoji: hutu har na kwana 21 ba tare da an zaftare na shekara ba, da kuɗin tafiya da masauki zuwa jihar da ake yi. Kuɗin aikin kansa kuwa sojar ce za ta biya, saboda doka ta hana ma'aikatar tsaro biyan kuɗin zubar da ciki sai idan rai na cikin haɗari, ko fyaɗe, ko cikin da muharrami ya yi. Tsarin ya kuma haɗa da masu tafiya neman maganin rashin haihuwa.

Hujjar tsarin tana da ƙarfi, watakila ma ta fi ta kowane ƙarfi: ni na kawo ki nan, don haka ni zan ɗauki nauyin nisan. Amma dubi abin da aka girba. Sanata Tommy Tuberville na Alabama, tsohon kocin ƙwallon jami'a, ya ce biyan kuɗin mota biyan kuɗin zubar da ciki ne ta bayan gida. Ya tare ƙarin girman manyan hafsoshi a majalisar dattawa tun daga Fabrairu har Disambar 2023, sunaye suka taru har kusan 450. A tsakiyar rikicin, rundunar sojan ƙundumbala ta zauna ba tabbataccen shugaba, karo na farko cikin shekara 164. Da ƙura ta lafa, ma'aikatar ta bayyana cewa daga Yuni zuwa Disambar 2023 sau 12 aka yi amfani da tsarin, kuɗin da aka kashe dala 44,791. Sau 12 ɗin ma ba duka ne aka tabbatar na zubar da ciki ba ne, tun da masu neman haihuwa na ciki. Wata 10 ana dambe a kan kuɗin da bai kai na motar hafsa guda ba.

Me ya sa mata da yawa suka bar kuɗi a ajiye? A ganina ba sai an yi dogon bincike ba. A ce kofur ce 'yar shekara 21 a wani bariki a Texas, asibiti mafi kusa yana Kansas ko New Mexico, tafiyar sama da kilomita 700. Don ta samu kuɗin sai takardarta ta bi ta hannun kwamanda, mutumin da zai rubuta rahoton da ƙarin girmanta ya rataya a kai, wanda za ta sara wa gobe da jibi. Ko da ƙa'ida ta ce a ɓoye sirri, bariki ƙauye ne. Da yawa za su gwammace su ɗauki hutunsu na shekara, su zuba mai da kuɗinsu, su ce bikin ƙawa za su je. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sannan da yake tsarin takardar umarnin minista ce kawai, ba dokar majalisa ba, a ƙarshen Janairun 2025, kwanaki kaɗan da dawowar Donald Trump, wata takardar ta shafe shi.

Hanyar jihohi da birane: a miƙa kuɗin ga ƙungiya

Ta uku ita ce gwamnati ta ware kuɗi ta danƙa wa ƙungiyoyin da suka riga suka ƙware a wannan aiki, masu sayen tikitin bas da kama ɗakin otal da tura mai mota ya ɗauko mace a tasha. Jihar Oregon ta ware dala miliyan 15 a 2022, ta sa ƙungiyar Seeding Justice ta raba. Dalilinta a fili yake: mutanen gabashin jihar sun saba zuwa Boise a jihar Idaho, Idaho kuma ta rufe ƙofa. California ta ware miliyan 20. A 2023, bisa lissafin cibiyar bincike ta Guttmacher, kusan mutum 170,000 ne suka ƙetara iyakar jiha don wannan, saboda haka ko waɗannan miliyoyin ba su wuce cikin cokali ba.

Ta fuskar sauri da rufin asiri, wannan hanya ta fi ta soja nesa ba kusa ba, kuma ta fi ta Birtaniya sassauci. Ƙungiya na iya biyan mai renon yara na kwana biyu, ko abinci a hanya, abubuwan da akantan gwamnati zai tsaya yana neman shafin da zai rubuta su. Sai dai tana da rauni biyu. Na farko, kuɗin kyauta ce ta shekara, ba haƙƙi ba. Idan asusu ya ƙare a tsakiyar wata, wadda ta kira a ƙarshensa sai dai a ba ta haƙuri, kuma ba kotun da za ta kai ƙara. Na biyu, mai biyan haraji yana da 'yancin tambayar inda kuɗinsa ya shiga, amma a nan sirrin mata da bin diddigin kuɗi suna jan igiya ɗaya ta fuskoki biyu.

Wurin da aka fi shan kashi shi ne inda birni ya yi gaban kansa a cikin jihar da ta hana. Oregon tana kashe kuɗinta ne a kan abin da dokarta ta yarda da shi. Austin kuwa, babban birnin Texas, ya ware dala 400,000 a 2024 don taimaka wa mazaunansa su fita jihar su yi abin da jihar ta haramta. Babban lauyan jihar, Ken Paxton, ya maka birnin a kotu. San Antonio ta ware dala 100,000 a Afrilun 2025, kotu ta dakatar kafin kuɗin su isa hannun kowa. A shekarar ce majalisar jihar ta yi dokar da ta hana birane irin wannan kashe kuɗi, ta fara aiki 1 ga Satumba. Ɗan majalisar birnin da ke tunanin bin wannan sawu ya fara tambayar kansa ko kuɗin za su ƙare a tikitin bas ne ko a aljihun lauyoyi. Wani zai ce ko ba komai an nuna matsayi. Gaskiya ne, amma nuna matsayi wani abu ne daban da kai mace asibiti, kuma ya kamata a faɗa wa masu zaɓe wanne ake saya musu.

Ga masu adawa, bambancin hanyoyin nan ba ƙarami ba ne, ko da yake sukan yi musu kuɗin goro. Tun 1976 Amurka ke da gyaran dokar Hyde, wanda ya hana kashe kuɗin tarayya a kan yawancin zubar da ciki, bisa hujjar cewa bai dace a tilasta wa mutum ya biya abin da yake ganin kisan kai ne ba. Wannan hujja ba abin wasa ba ce, kuma cewa "ai mota kawai muka biya" ba ta gamsar da ni sosai. Wanda ya biya wa mutum kuɗin mota ya san inda za shi. Amma hujjar tana da nauyi daban a kan kowane tsari. Ta fi cizo a kan asusun da aka buɗe musamman da sunan zubar da ciki. Ta fi rauni a inda ƙa'idar ta kowa ce: duk maganin da doka ta yarda da shi, idan babu shi a kusa, gwamnati na biyan kuɗin zuwa, ko ƙoda ce ko daji ko wannan. A nan ba a ware wa kowa gata ba, an ƙi ware wani ne don a hana shi.

Da za a ba ni zaɓi, wannan nake ɗauka: tsarin Birtaniya na layi ɗaya da biya tun farko, ba tare da ma'aunin albashi ba, amma a gina shi a cikin ƙa'idar tafiyar jinya ta kowa da kowa, majalisa kuma ta sa shi a doka don kada ya zama kayan aro. Idan gwamnatin jiha ce mai sauri take so kuma dokarta ba ta hana ba, miƙa wa ƙungiya ya fi komai saurin kankama, muddin an san na wucin gadi ne. Tsarin da zai sa mace ta bi ta teburin shugabanta, ko ta kashe nata a biya ta daga baya, shi ne na ƙarshe a jerina, don yana jawo rigima cikakkiya da amfani kaɗan. Ko mu nan mun san wannan darasi ta wata fuskar. Shirin da ya sa direbobin ƙungiyar NURTW ɗaukar mata masu naƙuda daga ƙauyukan Jigawa da wasu jihohin Arewa zuwa asibiti ya yi tasiri ne saboda motar na zuwa kafin a yi maganar kuɗi. Matar da ciki ya zauna mata a wajen mahaifa, wadda malami da likita da doka duk suka yarda a cire don a ceci ranta, ita ma abin da ke tsakaninta da asibitin sau da yawa kuɗin mota ne.

Akwai kuma masu cewa duk wannan kewaye ne, a kawo asibitin gida a huta. Tsibirin Prince Edward a Kanada ya shafe shekara kusan 35, daga 1982, ba a yin aikin a cikinsa. Gwamnatin lardin kan biya kuɗin asibiti a Halifax, daga baya har Moncton, biranen da ke wajen tsibirin, amma ba ta biyan mai, ba ta biyan masauki, ba ta biyan kuɗin gadar Confederation mai tsawon kilomita 12.9 da ake bi a fita tsibirin, wanda a lokacin ya kai kusan dala 46 ta Kanada. Sai da wata ƙungiya ta sanar da shirin kai ƙara a 2016 firimiyan lardin Wade MacLauchlan ya sauya matsayi, aka fara aikin a garin Summerside da ke cikin tsibirin a farkon 2017. A Ayalan ta Arewa ma, da aka fara yi a gida, masu ƙetarawa suka ragu daga sama da 1,000 zuwa 161 a 2021, ko da yake korona na da nata hannu a wannan raguwa, kuma sai a Disambar 2022 Landan ta tilasta wa ma'aikatar lafiyar yankin ta kafa cikakken tsari.

Amma 161 ba sifili ba ce. Daga cikin waɗanda ke ci gaba da tafiya bayan an buɗe asibiti a gida akwai masu lalura mai wuya: cikin da ya yi nisa kafin hoto ya nuna matsala, ko uwar da ke da ciwon da ƙaramin asibiti ba zai iya ɗauka ba. Scotland tana ƙarƙashin dokar 1967 tun ranar farko, doka ta yarda har mako 24, amma shekara da shekaru matan da cikinsu ya wuce mako 20 sukan hau jirgin ƙasa zuwa Ingila saboda ƙarancin likitocin da ke yin aikin a gida, hukumomin lafiyarsu kuma su biya tikitin.